Ɗan Kamaru: Daga Ɓawon Itace Zuwa Jaririn Kwalba a Duwala

A bakin wani layi na unguwar Hausawa da ke New Bell, cikin birnin Duwala, akwai wani dattijo da ke shimfiɗa buhu ya jera magunguna: sassaƙe-sassaƙe, saiwoyi, gari a ƙulle cikin leda, da kwalaben jiƙo. Duk sa'ad da na sauka garin nakan tsuguna mu gaisa. Da rana cinikinsa na basir ne da shawara. Sai an idar da magariba, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, sun kunna fitilun baburansu, sannan wasu masu sayayya na daban ke ɓullowa. Mutum zai rage murya ya ce, "Baba, a ba ni irin na rannan." Shi kuma ba tambaya, sai ya laluba ƙasan buhu ya ciro wani ɓawo ja-ja mai ɗan karen ɗaci. Ran nan ya ɗaga mini shi yana murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan ko a Kurmi ta Kano ɗan kamaru sunansa. Kai ga shi a gidan ubansa ka same shi."

Sunan bai yi ƙarya ba. Itacen, wanda masana ke kira yohimbe, dogo ne na kurmi, yana fitowa tun daga kudu maso gabashin Najeriya zuwa kudancin Kamaru da Gabon da Kwango. Ba ya tsira a ƙasar Hausa. Fatake ne suka haura da shi arewa, har ya shiga jakar wanzamai da yajin wasu masu tsire. Abin da dattijon bai sani ba shi ne ɓawon nan ya riga shi ganin Turai da shekaru masu yawa.

A watan Yulin 1884 sarakunan Duwala, na gidan Bell da na gidan Akwa, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta buɗe wa Jamusawa ƙofar Kamaru. Jiragen da ke kwasar manja da hauren giwa daga wannan gaɓa sun kwashi har da labarin wani ɓawo da mazan kurmi ke sha. Shekara 12 kacal bayan haka, a 1896, wani masanin sinadarai a Berlin mai suna Leopold Spiegel ya tace shi ya fitar da abin da ke aiki a cikinsa, ya raɗa masa suna yohimbin. Nan da nan ya shiga kantunan magani na Turai.

Ita ma unguwar da dattijon ke zaune aikin Jamusawa ce. Daga 1910 suka ƙudurta ƙwace filayen bakin kogin Wuri su mai da su unguwar Turawa zalla, su tura masu ƙasa can baya, bayan wani fili mai faɗin kilomita guda da aka hana kowa zama, wai don kada cutar baƙar fata ta ƙetara. Sabon matsugunin suka kira shi Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, ya kai ƙara har majalisar Jamus, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Ba a yi wata biyu ba Ingilishi da Faransawa suka karɓe garin. A zamanin Faransa mutanen Bell suka fi karkata ga unguwar Bali, New Bell kuwa ta zama ta baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, da Hausawa masu fawa da ɗinki da fatauci. A cikin wannan cunkoso ne iyayenmu suka yi aure, suka haihu, waɗansu kuma suka rasa haihuwar suka yi ta neman dalili.

Neman dalilin nan shi ne tarihin da nake son bayarwa, kuma abin dariya, tsofaffin Turawa masu neman ƙarfin maza ne suka share masa hanya.

Kowane makiyayi ya san sa in aka fiɗiye shi yakan yi laushi ya yi ƙiba, bunsuru in aka dandaƙe shi ya daina wari da neman akuyoyi. Fadojin sarakuna sun san babanni ba sa gemu. An san abin yana faruwa, ba a san ta yaya ba. A 1849 wani malamin jami'ar Göttingen, Arnold Berthold, ya fiɗiye zakaru, zankonsu ya yanƙwane, suka bar cara da faɗa. Sai ya dasa wa wasunsu marainan a cikin ciki, inda babu wata jijiya da ta haɗa su da wurinsu na asali. Zanko ya miƙe, cara ta dawo. Ashe saƙon ta cikin jini yake bi. Ba wanda ya kula da shi sosai a lokacin.

Wanda duniya ta saurara shi ne Charles Brown-Séquard, babban likita a Faris, haifaffen tsibirin Morishus. A 1889, yana da shekara 72, ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana ya ce ya markaɗa marainan kare da na ɓeran Masar ya yi wa kansa allura, kuma ƙuruciya ta dawo masa. Yau an san ruwan da ya tsira wa jikinsa bai ɗauke da abin da zai yi wannan aiki ba, zuciyarsa ce ta gaya masa. Shekara 5 bayan nan ya rasu. Amma ya buɗe kasuwa. Daga 1920 wani likita, Serge Voronoff, ya shiga yankan marainan birai da ake kawowa daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka yana dasa wa attajirai. Kuɗi ya samu ba kaɗan ba, tsufa kuma bai fasa zuwa ba. Duk wanda ya ga mazan New Bell a gaban buhun dattijo ya yi musu dariya, to ya tuna masu kuɗin Faris sun yi abin da ya fi haka.

Cikin wannan hayaniya aikin gaske yana tafiya a hankali. A 1905 Ernest Starling na Landan ya ba wa waɗannan manzanni na cikin jini suna, homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Matsalar ita ce ƙanƙantarsu. Ana bukatar wani wuri da suke taruwa da yawa kafin a kama su, sai aka tarar ba wani wuri ba ne illa fitsari.

A 1927 likitoci biyu a Berlin, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka gano fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani abu da in aka yi wa 'yan ɓeraye mata allurarsa, ma'ajiyar ƙwansu takan kumbura kafin lokacinta. Gwajin ciki na farko a asibiti ke nan: ɓera biyar, kwana huɗu ana jira, sannan a yanka su a duba. A 1929 aka tace homon ɗin mace daga fitsarin masu ciki. A 1931 Adolf Butenandt ya tara dubban litocin fitsarin maza, wanda aka ce daga barikin 'yan sandan Berlin aka kwaso, ya dafe shi har ya sami abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba na homon ɗin namiji. A 1934 aka sami firojestaron, mai riƙe ciki, a 1935 kuma testostaron. Cikin shekara 8 an kama manyan manzannin haihuwa.

Afirka ta sake ba da nata kason, wannan karon kwaɗo. A 1930 Lancelot Hogben, yana koyarwa a Kef Tawun, ya lura wata kwaɗuwar ruwa ta ƙasar tana zubar da ƙwai idan aka yi mata allurar irin waɗannan sinadarai. Sai ya zama in mace na son sanin ko ta ɗauka, a yi wa kwaɗuwa allurar fitsarinta da yamma, da safe a leƙa tulun gilashi. In an ga ƙwai, akwai ciki. Ba sai an kashe ta ba, bayan 'yan makonni ta koma bakin aiki. Har wajen 1960 ana ɗibar kwaɗin Afirka dubbai zuwa asibitocin Turai da Amurka. Tsinken gwajin da yarinya ke saya yau a farmasi da kuɗin da bai fi na hawa babur ba, jikan wannan kwaɗuwa ne, kuma abu ɗaya suke nema.

To me aka gano da duk wannan wahala? Ga shi a taƙaice, yadda ungozoma za ta gane.

Umurnin daga ka yake fitowa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba. Shi ke sakin manzanni biyu cikin jini. Na farko ya tafi ma'ajiyar ƙwai ya ce a shirya. 'Ya mace da ƙwanta ake haifarta, sama da miliyan ɗaya, amma waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Ƙwan da ke nuna yana fitar da istirojin, shi kuma ya sa mahaifa ta yi sabon daɓe mai kauri. Idan istirojin ya kai wani mizani, sai manzo na biyu ya zubo da yawa a lokaci guda, kafin kwana ɗaya da rabi ƙwan ya fashe ya faɗa bututun da ke kai shi mahaifa. Kwana ɗaya gare shi, ko ƙasa da haka. Ƙwayoyin maniyyi sun fi shi juriya, suna iya jira har kwana 5. Gurbin da ƙwan ya bari yakan koma yin firojestaron, mai riƙe daɓen nan kamar mako biyu. In ba a sami rabo ba, gurbin ya bushe, daɓe ya zube, shi ne jinin al'ada. In kuwa an samu, ɗan tayin da kansa zai aika da nasa manzo ya ce kada a rushe ɗaki, akwai baƙo. Wannan manzon na ɗan tayi shi ne ɓera da kwaɗuwa da tsinke suke ji a fitsari.

Wanda ya fahimci wannan zai ga hikimar kakanninmu, ya kuma ga inda suka yi tuntuɓe. Sun ce mai goyo ba ta cika ɗaukar ciki ba, kuma gaskiya ne: tsotson jariri yana ɗaga homon ɗin nono, shi kuma ya danne umurnin da ke fitowa daga ka. Sai dai katangar ba ta da tabbas bayan wata 6, ko in yaro ya fara shan kunu, ko in al'ada ta dawo. Daga nan kwanika ke fitowa, a yi ta zargin yarinya da rashin kunya alhali jikinta ne ya koma aikinsa. Haka batun kwantaccen ciki. Hukuncinsa na shari'a na malamai ne, ban isa in sa baki ba. Amma macen da ta shekara ba ta ga al'ada ba ana ce mata cikinta ne ya kwanta, sau da yawa homon ɗin nono ne ya hau ba tare da goyo ba, ko ƙwai ne ke taruwa ba sa fashewa, ko maƙoƙo. Galibin waɗannan suna da magani, kuma kowace shekara da aka ɓata ana jiran ciki ya tashi, daga cikin ƙwanta ake cirewa.

Yanzu mu dawo gaban buhun dattijo. Manzannin nan biyu da ke aiki a jikin mace, su ɗin ne dai ke aiki a jikin namiji. Ɗaya ya sa maraina su yi testostaron, ɗayan ya taimaka a ƙera ƙwayoyin maniyyi, aikin da ke cin fiye da wata biyu kafin ƙwaya ta kammala. Ɗan kamaru ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Shi ba homon ba ne. Jijiyoyi yake zaburarwa, jini ya ruga, shi ya sa yake sa bugun zuciya da zufa da fargaba, kuma yake da haɗari ga mai hawan jini. Ko ƙwaya ɗaya ba ya ƙarawa a cikin iri. Ƙarfi daban, iri daban. Namiji na iya zama ingarma a shimfiɗa, a ɗora ruwansa a madubin likita a tarar fayau, ba komai a ciki. Har ma akwai abin mamaki: wanda ke yin allurar testostaron don ya ƙara ƙarfi ko ya tara ƙwanji, ƙwaƙwalwarsa takan ga ai kaya sun wadata ta daina aika manzanni, maraina su tsaya da aiki. Samarin da ke ɗaga ƙarfe su ji wannan da kyau. Kuma tun 1905, da aikin wata Ba'amurkiya Nettie Stevens, aka kama hanyar gane cewa ƙwayar uba ce ke yanke ko namiji za a haifa ko mace. Duk da haka har gobe akwai matar da ake yi wa kishiya don ta jera 'ya'ya mata.

Ina da wata gwaggo da ta yi zaman aurenta na fari a New Bell. Shekara 9 ba ɓatan wata. Ba irin jiƙon da ba ta sha ba, ba turaren da ba ta tsuguna a kai ba. Dangin miji suka sa mata suna juya, daga baya aka miƙa mata takardarta. Ta auri wani direban babbar mota mai zuwa Ngaundare, ta haifi huɗu reras. Shi kuwa mijin na fari ya auri uku bayanta, ko ɓari ba wadda ta yi, sai aka koma cewa aljana ce ta aure shi. Na taɓa tambayarta ko ba wanda ya ce shi ma ya je a duba shi. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Haba ɗan nan, wa ya isa? Ni dai na sha ɗaci har harshena ya manta zaƙi." Hausa ta tanadar wa mace kalma guda mai kaifi, juya. Namiji kuwa sai a yi ta kewaye-kewaye. Larabcin da muke karatu da shi bai yi wannan son kai ba, kalmar aƙim ta hau kan mace ta hau kan namiji.

Kamaru na cikin yankin da masu ƙidayar jama'a suka daɗe suna kira zirin rashin haihuwa, wanda ya ratsa Gabon da Afirka ta Tsakiya da Kwango, inda a tsakiyar ƙarnin jiya aka sami garuruwan da mata masu yawan gaske suka tsufa ba su taɓa haihuwa ba. A 1985 aka buga sakamakon wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a cibiyoyi 33 na ƙasashe 25. Ya nuna Afirka ta fita daban: kusan rabin matan da aka duba a cibiyoyinta bututun ƙwansu biyu a toshe suke, sanadin ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Wato homon lafiya lau, ƙwai yana fita kowane wata, hanya ce ta rufe. Ciwon sanyin nan kuma ba daga sama yake faɗo wa matar kulle ba. A duniya baki ɗaya, hukumar ta ce a 2023, mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji.

Toshewar bututu ita ce ta haifar da dashen ciki. Tunda hanya ta rufe, sai a ɗauko ƙwan a haɗa shi da maniyyi a waje, a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Robert Edwards da Patrick Steptoe da Jean Purdy suka yi shekaru suna faɗuwa suna tashi, har aka haifi Louise Brown, jaririyar kwalba ta farko, a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yulin 1978. Da aikin ya bunƙasa sai aka koma yi wa mace allurar manzannin nan don ƙwai da yawa su nuna a wata guda. Nan ma fitsari ne ya yi rana. Macen da al'ada ta ɗauke mata, ƙwaƙwalwarta takan yi ta aika manzanni ba mai amsawa, su cika fitsarinta. Kamfanin Serono na Italiya ya riƙa tara shi da tankoki daga gidajen tsofaffin mata masu hidimar coci, waɗanda ba su taɓa aure ba, ana yin maganin da wasu matan ke haihuwa da shi.

Malaman Musulunci ba su yi jinkiri ba. A 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccin dashen, a 1986 kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman ta tabbatar. Sharaɗin a fili yake: ƙwan matar, maniyyin mijinta, mahaifarta, kuma igiyar aure na nan. Ba aro, ba haya.

Shekarar 1998 ta haɗa bakin zaren a wuri guda. A watan Maris Amurka ta amince da Viagra, wanda ya sha gaban yohimbin bayan shekara ɗari yana cin kasuwa. A watan Fabrairu an haifi jaririyar kwalba a asibitin Nisa na Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. A Duwala kuma, garin da ɓawon ya yi suna, wata likitar mata 'yar ƙasa, Dakta Ernestine Gwet-Bell, wadda ta yi karatu a Faris ta dawo ta buɗe asibitin Odyssée, ta jagoranci haihuwar jaririn kwalba na farko a Kamaru. Daga New Bell zuwa can tafiyar babur ce. Daga baya, a 2016, gwamnati ta buɗe tata cibiyar a Yawunde.

Ba zan ɓoye ba, dashe aikin masu hali ne, kuma ko an biya ba kowane gwaji ke kamawa ba, musamman in shekarun mace sun ja. Mahauci ko tela na New Bell ba lalle ya iya ba. Amma yawancin masu neman haihuwa ba dashe suke bukata ba. Wata ƙwayar magani ce za ta saukar mata da homon ɗin nono, wata a taimaka wa ƙwanta ya fashe, wasu kuma a yi musu maganin sanyi su biyu a lokaci guda kafin ya yi ɓarna. Kuma a duk gwaje-gwajen nan babu mai sauƙi da araha kamar na namiji. Ba allura, ba wuƙa. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da ruwansa a ɗan kofi, a ƙirga. Ma'aunin da hukumar lafiya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a wajen ƙwaya miliyan 16 cikin kowace mililita. Ana samun masu yin wannan gwaji a Duwala, kamar yadda ake samu a Kano da Zariya da Maraɗi.

Saboda haka maigida, idan shekara ta zagayo da aure babu labari, ko wata 6 in uwargida ta haura 35, ranar da za ta asibiti ka ɗauki hularka ku tafi tare, ka kuma ce wa likita a fara da kai.